Kwana shida a cikin hiyas: yadda muka je ganin raƙuman dawa

 

A wannan jarida tamu an saba jin labarin wadda ta ɗauki bashin jika 20 ta kafa tuyar ƙosai, ko ƙungiyar da ta sayi injin niƙa. Namu labarin ba irin wannan ba ne. Mu kuɗi muka tara wata goma, muka ɗauki mota, muka tafi kallon ƙasa. Babu biki a gabanmu, babu gaisuwar rasuwa, ba kuma sarin kaya ya fitar da mu ba. Har gobe akwai masu cewa ɓarnar kuɗi muka yi, har a cikin gidajenmu. To ga yadda abin ya kasance, ku yi mana alƙalanci da kanku.

Inda maganar ta taso

Mu 25 ne a ƙungiya. Babbarmu wata tsohuwa ce da kowa ke ce wa Inna. A wajen Dakoro aka haife ta, aure ne ya kawo ta Maraɗi. Wata ranar zubi, a farkon shekarar 2019, ana cikin ƙirgar kuɗi, sai sakatariyarmu ta kawo hirar abin da ta ji a rediyo, cewa an ɗebo raƙuman dawa 8 daga Kure, can kusa da Yamai, an kawo su gandun dajin Gadabeji cikin manyan motoci. Inna ta ajiye carbinta ta ce, "Ke ɗiyata, maimaita. Ashe akwai sauransu a duniya?"

Sai ta ba mu labari. "Ina ƴar ƙarama, in munka tai rijiya da sassafe, mukan hango su, kawunansu sun wuce bisan itace. Da babban farin nan ya zo, wanda ya ƙare shanun mutane, ban koma ganin ko guda ba. Jikokina in na ba su labari, sai su ce gatana nike yi musu." Farin 1973 da 1974 take nufi. Ta ɗan yi shiru, ta shafa idonta na dama da ya riga ya mutu, ta ce, "Gudan ma ya kama hanya. Da da mai kai ni, da na je na gani tun bai ida rufewa ba." Mun san gaskiya take faɗi, don mu muka kai ta wajen likitan ido da kuɗin asusun taimako, ya ce hawan jinin ido ne, magani sai dai ya rage masa gudu, abin da ya tafi ba ya dawowa.

Wata daga cikin matasanmu ta ce cikin wasa, "To mu fasa akwati mu kai Inna mana." Ma'ajiyarmu ba ta ɗauke shi wasa ba. Ta ce, "Kuɗin akwatin ga na jari ne, na ciwo da haihuwa. Ba mu ƙuntata wa cikinmu don mu je kallon dabba ba." Kuma ba ta yi ƙarya ba. Duk mun san abin da dala 100 take nufi ga macen da ke sayar da ƙuli-ƙuli.

Mako uku ana ja-in-ja. Abin da ya juya maganar tambaya ce da shugabarmu ta yi: "Wace ce cikinmu ta taɓa yin tafiya don kanta?" Aka duba, babu. Wadda ta je Yamai, jinya ta kai ta. Wadda ta je Damagaram, biki ne. Wadda ta je Kano, kaya ta saro, ta kwana a tasha ta juyo. Mata 6 ba su taɓa wuce Gidan Runji ba ta yamma.

Aka tsayar da magana uku. Ba za a taɓa akwati ba, ko dala. Mai so ta riƙa zuba dala 100 a gefe kowane mako har mako 40, jika 20 ke nan. Wadda ta fasa, a mayar mata da kuɗinta cif. Mu 16 muka shiga. Ɗaya haihuwa ta tsayar da ita, ɗaya kuma maigidanta ya ce a'a ana saura kwana huɗu. Muka mayar musu da nasu, muka rage 14, da jika 280 a hannu. Cikin 14 ɗin har da ma'ajiya. Ta ce ita za ta je ne ta ga ramin da kuɗin za su faɗa.

Izinin mazaje shi ne babban aiki. Shugaba da Inna suka bi gida-gida. Abin da ya sauƙaƙa maganar shi ne direban: ɗan shugabarmu ne na fari, yana da hiyas da yake jigila da ita, kowa ya san shi a unguwa, kuma da ƙanensa zai tafi. Muka gindaya masa sharaɗi: babu tafiyar dare, babu gudu, duk inda muka ce a tsaya kuma a tsaya. Ya yi dariya, ya ce bai taɓa ɗaukar fasinjan da ke biya don a yi a hankali ba. Gwaggonmu guda kuwa sai da aka rantse mata cewa Kure sunan gari ne kawai, ba garin kuraye ba ne.

Rana ta farko: Maraɗi zuwa Ƙonni

Wata Lahadi ta watan Janairun 2020 muka tashi, bayan sallar asuba, ga sanyi ga hazo. Guzurinmu dambun zogale, ƙuli-ƙuli da dawo. Jarkokin ruwa, tabarmi da butoci a saman mota, kowa da katinta na ɗan ƙasa a bakin zane saboda jandarmomi. Daga Maraɗi zuwa Yamai wajen kilomita 660 ne, manyan motoci a wuni guda suke yin ta. Mu kwana uku muka ba ta.

Tun daga Tsibiri, garin Sarkin Gobir, waɗanda suka taɓa bin hanyar suka fara cewa kamar yau ne farko. Mai tafiyar dole kanta a sunkuye yake, tana lissafin kuɗin mota da na magani. Ran nan kuwa ido a waje. Mun tsaya don wani kurege ya miƙe a kan ƙafafunsa na baya yana kallonmu. Mun tsaya don ayarin raƙuma ya ƙetare kwalta. Mun tsaya a bakin wani tabki da bai gama ƙafewa ba, inda balbelu suka yi fari fat a bayan shanu, ga zalɓe tsaye cikin ruwa kamar mai jiran bashi, ga garken kirinjijiya suna ta fito. Inna ba ta ganinsu sosai, amma da ta ji kuka sai ta faɗi sunan tsuntsun, kuma ba ta kuskure. Matasan cikinmu, da suka san sunan kowane ɗan wasan fim, ko rabinsu ba su sani ba.

Madawa muka tarar kasuwa ta cika, don Lahadi take ci. An yi alkawarin ba sari muka zo ba, amma mai hali ba ya fasa halinsa. Kafin a ce me, mata sun bazu cikin ƴan tabarmin kaba da faya-fayai suna tayawa, ma'ajiya ta fito da littafinta tana rubuta farashi. Da ƙyar aka tattaro mu, da ƙullin kilishi guda da aka raba a mota.

Daga Madawa zuwa Galmi ƙasa ta sake kama. Hagu da dama fadama ce kore shar, albasa iyakar ganinki, ga ƙarar injinan ban ruwa. Wannan ce jar albasar Galmi da ake lodawa zuwa Abijan, Akara da Kwatano. Mun sauka a bakin wani lambu, wata mata da ke cire ciyawa ta karɓe mu. Ta ce wahalarsu ba a noman take ba, a sayarwa take. A watan Maris da Afrilu kowa ya cire tasa, kasuwa ta cika, buhu ya faɗi warwas, mai bashi a ka kuma dole ya sayar a haka. Wanda ya iya zuba tasa a rudu, ɗakin nan na kara da ciyawa da iska ke ratsawa, ya jira har bayan damina, ko da wani kashi ya ruɓe sai ya sayar ninkin-ba-ninki. Ta ce shi ya sa ƙungiyarsu ta matsar da babban rabon bashi zuwa lokacin cirar albasa, don kada buƙatar gida ta tilasta wa mace sayarwa da arha. Muka dubi juna. Mu ma haka gyaɗa da wake suke yi mana kowace kaka, amma ba mu taɓa tunanin daidaita bashi da lokacin girbi ba.

Mun wuce Malbaza da masana'antarta ta siminti, mun wuce mararrabar Tsarnawa inda hanyar Tawa ta ɓalle, muka shiga Birnin Ƙonni da la'asar. Wata ƙungiya irin tamu ce ta sauke mu, ta hannun mai horar da mu muka samu lambarsu. Lokacin iyakar Najeriya tana rufe tun watan Agustan 2019, kuma Ƙonni da Illela kamar Maraɗi da Jibiya ne, numfashi guda suke yi. Hirar daren duk a kan haka ta ƙare: wadda jarinta ya maƙale, wadda ta koma sayar da ruwan sanyi, yadda suka ƙara wa masu bashi wa'adi ba tare da tara ba. Ba mu taɓa ganin juna ba, amma kamar a tsakar gidanmu muke.

Rana ta biyu: Dogon Dutsi da Doso

Yamma da Ƙonni gari ya fara nisa da gari, rairayin da muka saba ya ba jar ƙasa da marmara wuri. Kafin azahar muka hango duwatsun Dogon Dutsi, jajaye, samansu a shafe kamar an yanke da wuƙa. Mutumin Maraɗi bai saba da tudu ba. Direba ya kai mu gindin ɗaya, masu ƙarfi suka ci ɗamara suka hau, waɗanda gwiwa ta hana suka shimfiɗa tabarma suka dama fura. Daga sama garin duka a tafin hannu yake, ga lambunan dankalin turawa a cikin kwari. Abin da ya fi ba masu hawan mamaki shirwa ce: ran nan suka fara ganin bayanta, tana shawagi a ƙasa da su.

A nan wani dattijo mai shayi ya nuna mana hanyar da ta yi arewa zuwa Matankari, ya ce ta can ake zuwa Lugu, garin Sarauniya. A 1899 Sarauniya Mangu ta tsaya da mutanenta ta yaƙi rundunar Faransawa ta Vule da Shanwan, wadda ta taho tana ƙone garuruwa. Rundunar nan ce ta yi kisan gilla a Birnin Ƙonni, inda muka kwana, ita ce kuma ta watse a wajen Tasawa, kaburburan shugabanninta biyu suna nan a Maijirgi, cikin jiharmu. Har yau akwai Sarauniya a Lugu. Mun so mu je, amma hanyar ba ta motarmu ba ce, kuma an yi mana girki a Doso.

Doso muka ga iyakar bakinmu. Nan ƙasar Zabarmawa ce. Masu jin Hausa suna da yawa a gari, amma a gidan da aka sauke mu tsofaffin ba sa ji. Matan da ba a iya tsayar da su a wurin taro, ran nan sai murmushi da "fofo". Wata yayarmu da ta yi zaman aure shekara 10 a Yamai, wadda ba ta cika magana a ƙungiya ba, ita ta zama bakinmu, kuma tun daga ranar aka daina katse ta in ta ɗauki magana. Sun kai mu ƙofar fadar Zarmakoy, wadda aka gina a 1904. Da dare aka kawo kopto, muka ɗanɗana muka ce yo ai kwaɗon zogale ne, suna ne ya bambanta. Akwatinsu ma irin namu ne, makulli uku a hannun mata uku. A jiharmu ta Maraɗi aka fara wannan tsari na Mata Masu Dubara a 1991, sai ga shi mun tarar da shi yana magana da wani harshe, sama da kilomita 500 daga gida.

Rana ta uku: Kure

Mun bar Doso da asuba. A Birnin Gaure hanya ta gangara cikin Dallol Boso, wani kwari mai faɗi, tsohon gulbi ne da ya ƙafe tun zamanin da. Ruwa a kusa yake, ga goriba ga gawo, kuma a nan mata ke dafa kanwa su fitar. Daga nan muka hau tudu zuwa Kure, wajen kilomita 60 kafin Yamai. A lokacin, a bakin kwalta ake biyan kuɗin shiga a ɗauki jagora, don ba a shiga ba tare da shi ba.

Jagoranmu yana jin Hausa. Ya ce mu sani ba gidan dabbobi muka zo ba, babu shinge, babu keji. Raƙuman dawan a cikin gonakin mutane suke yawo. Da damina suna kan tudu cikin geza da sabara, da rani kuma su gangara dallol, wajen Harikanasu, saboda gawo. Wannan ba sai an yi mana bayani ba: kowace ƴar manomi ta san gawo da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore. Ya ce, "Sai mun nema. Wata rana minti goma, wata rana wuni."

Mu wunin muka samu. Mun bar kwalta muka shiga rairayi, hiyas kuwa ba motar rairayi ba ce. Sau biyu tana kafewa, sau biyu muna fita mu tura, ƙanen direba yana tona gaban taya yana cusa kara. Jagora ya hau saman mota ya duba, ya hau itace ya duba, ya tambayi yara masu kiwo, ya tambayi mata a bakin rijiya. Kowa ya ce jiya suna nan. Ƙarfe 11 ta wuce, sanyi ya tafi, rana ta buɗe, ruwan jarka ya yi rabi. Ma'ajiya ta karkaɗe zanenta ta ce, "Jika 280, mun zo turin mota." Ba wadda ta yi dariya. Inna ta sunkuyar da kai ta ce, "Ku gafarce ni, ɗiyana. Ni na jawo muku. In babu rabo, mu koma." Wallahi a wannan lokacin da yawanmu mun fara tunanin abin da za mu faɗa a gida.

Sai jagora ya tsuguna ya nuna mana sawu a ƙasa, kofato ne rabe biyu, ya fi na sa girma nesa ba kusa ba, ga kashi sabo a gefe. Ya ce a bar mota, a rage murya, kada wadda ta yi gudu. Muka bi shi cikin karan gero, mata biyu suna riƙe da Inna. Can gaba akwai wasu itatuwan gawo. Muna kallonsu ba mu ga komai ba, har sai da wani abu da muka ɗauka reshe ne ya juyo ya dube mu.

Ke dai bari. Hoto bai faɗi rabinsa ba. Abu ne dogo har sai kin ɗaga kai, fatarsa fara-fara da zanen ja mai haske, idanu manya da gashin ido kamar an sa kwalli. Ba ya ruri, ba ya huci, yana tsaye yana tauna yana kallonmu kamar mu ne abin kallon. Sai wani ya fito daga bayansa, sai wani. Gwaggon da ke tsoron kuraye ta kama salati a hankali.

Jagora ya matso da Inna har kamar taku 30. Ta kare rana da hannu, ta juya kai tana nema da idon da ya rage. Ta ce, "Ina ganin abu dogo kamar inuwa." Muka yi tsit. Sai babban ya taka zuwa wani itacen. Inna ta damƙe hannun mai riƙe da ita ta ce, "Shi ne! Haka yake tafiya, ƙafafun gefe guda tare, kamar raƙumi. Shi ne wallahi." Hawaye yana zuba tana dariya. Ta juyo wajenmu ta ce, "Ku shaida, ba gatana ba ce."

Mun fi sa'a guda a wurin, zaune a inuwa. Ma'ajiya, da ba ta iya ganin abu ba ta ƙirga ba, ta ce 9 ne, har da ƙanana 2. Jagora ya nuna mana yadda ake bambance su: ƙahon namiji sansa a goge yake, na mace da tukun gashi. Babban namiji yakan kai mita 5. Harshensa ya kusa rabin mita, da shi yake zare ganye daga tsakanin ƙaya. Duk tsawon wuyan nan ƙashi 7 ne a ciki, daidai da namu. Da ya ce cikinsu wata 15 ne, kuma a tsaye take haihuwa, ɗan ya faɗo ƙasa ya miƙe da tsawon babban mutum, sai mata suka ɗauki salati. Wata ta ce, "Wata 15! Ashe mu gata gare mu."

Ya ce irin wannan raƙumin dawa, da can daga Senegal har tabkin Cadi akwai shi. Farauta, fari da saran daji suka ƙare shi, har ya zama a Nijar kaɗai ya rage. A 1996 guda 49 aka ƙirga. Lokacin da muka je sun haura 600. Doka ta hana kashe su, kuma ana ƙirga su ta hanyar ɗaukar hoto, don kowane da zanen fatarsa, kamar yadda dangwalen yatsan kowace mace yake daban a littafin zubi. Ma'ajiya ta yi lissafinta a zuci ta ce, "Daga 49 zuwa 600. Yo wannan ai asusu ne. Ba su taɓa uwar kuɗi ba." Daga nan ba ta sake maganar turin mota ba.

Amma kada mu ba ku rabin labari. A ƙauyen da muka yi sallar azahar, wata mata ta ba mu ruwa, yayarmu tana fassara. Ta ce, "Ku baƙi ne, kyansa kuke gani. Mu maƙwabcinmu ne, kuma maƙwabci ne mai cin wake." Ta ce yakan shiga gona ya cinye waken da aka sha wahala a kansa, harawar da aka ɗora bisa itace don awaki ba ta tsira ba tunda shi tsaye yake kai mata, mangwaro ma haka. Ga shi ba dama a taɓa shi. Abin da ya sa suke haƙuri, in ji ta, ƙungiyar da ke kare raƙuman dawan tana ba matan ƙauyukan ƙananan basussuka na sana'a da kiwo, ana kuma gina rijiyoyi, samarinsu wasu suna ci da aikin jagora. Ta ce duk da haka, shekarar da ya ci waken ka, bashi ba ya cika maka rumbu. Jagoran ya ƙara da cewa babbar barazanar yanzu ba mafarauci ba ne, gatari ne: itacen da ake sara ana kai wa Yamai don girki, da dajin da ake mayarwa gona. Mu da muka ga yadda sassaben zamani ya mayar da itatuwa gonakin Maraɗi, mun ba ta namu labarin, ita ma ta saurara.

Yamai da komowa

Da la'asar muka shiga Yamai, muka sauka gidan dangin yayarmu. Washegari muka je gidan tarihi na Bubu Hama, wanda aka buɗe a 1959. Mun ga zaki, dorina da kuraye na gaske, gwaggo ta tsaya nesa. Mun ga ƙasusuwan manyan dabbobin zamanin da da aka tono a jihar Agadas, da gangar jikin itacen nan na Tenere da ya rayu shi kaɗai a tsakiyar hamada har mota ta kaɓe shi a 1973. Amma bayan abin da muka gani a Kure, dabbar keji tausayi ta ba mu. Da yamma muka tsaya a bakin kogin Isa. Mu da gulbinmu ke gudu wata uku ya ƙafe, sai ga kogi cike maƙil a tsakiyar rani. Aka ce mana ruwan da aka yi a ƙasar Gine ne, sai yanzu yake isowa. Kwana biyu muka yi a hanyar komowa, a hankali kamar yadda muka je.

Ga lissafi, don mun san za ku tambaya. Mota da mai, jika 190. Kuɗin shiga, jagora, gidan tarihi da kuɗin hanya, jika 30. Abinci da ƴar tsarabar masu masauki, jika 45. Jika 15 da suka rage muka zuba a asusun taimako. Akwati kuwa yadda muka bar shi haka muka tarar da shi.

Abin da ya biyo baya

Wata biyu da dawowarmu cutar korona ta shigo, aka rufe shiga da fita Yamai. Ranar 9 ga Agustan 2020 kuma ƴan bindiga suka kashe mutum 8 a dajin Kure: Faransawa 6 masu aikin agaji, da direbansu, da jagora. Mun yi ta bugun waya har muka ji ba wanda ya raka mu ba ne, abokin aikinsa ne. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Hukuma ta rufe wurin, hanyoyin yamma kuma ba kamar da ba. Da mun ce bari sai baɗi, da ba mu je ba.

Idon Inna ya ida rufewa a shekarar da ta biyo. Har yanzu ba ta fashin zubi, jikanyarta ke jawo ta. Mun wanke hoton da aka ɗauke ta da raƙumin dawa a bayanta, yana rataye a ɗakinta. Ita ba ta ganinsa, amma jikokin suna gani, kuma yanzu su ke roƙon ta ba su labarin.

Ribar da za a iya rubutawa a littafi kaɗan ce: mun matsar da babban bashinmu zuwa kaka kamar matan Galmi, mata biyu kuma suna kawo tabarmin Madawa. Ko wannan ya biya jika 20 ta kowace mace, ma'ajiya ta ce a takarda bai biya ba. Amma da aka buɗe sabon zubin tafiya, ita ta fara miƙa dala 100, sai ƴar uwarmu da maigidanta ya hana wancan karon. Ta ce ta fara lallashi tun yanzu.

Ga masu sha'awa, shawararmu kaɗan ce. Kada a taɓa akwati, a yi zubi na daban. A nemi izinin gida tun da wuri, da direban da aka sani. A nemi ƙungiya ƴar uwa a garin da za a kwana. Kafin a sa rana, a tambayi hukuma halin da hanya take ciki, in an ce a dakata a dakata, kuma kada a yi tafiyar dare. Ba dole sai nesa ba. Mu ƴan Maraɗi ga tabkin Madarumfa a kusa, ga Gadabeji da aka ƙara kai wa raƙuman dawa 4 a 2022, ko da yake can sai motar rairayi. Ƴan Damagaram ga Mirya da tabkunan Gidimuni, ƴan Tawa ga Tabalak. In kuma akwai tsohuwa a ƙungiyarku, ku tambaye ta abin da ta gani tana yarinya wanda take so ta koma gani.

Wadda ta je wani wuri ta rubuto mu ji. Allah ya ba mu zaman lafiya a ƙasarmu, ya bar zumunci.